Kurni: yara sun san baƙi, littafi ne babu

Wanda ya taso daga Damagaram yana nufin Kurni, sai ya bi kwalta har Takeita, ya karya kudu, ya ratsa Kance ya sauka Matamaye, daga nan ya nausa cikin ƙauyuka. Ƙasar gawo ce, itacen nan mai fitar da ganye da rani ya kakkaɓe shi da damina, ga gonakin hatsi da gujiya a ƙarƙashinsa, ga rake cikin fadamu. Iyakar Najeriya kusa take, har naira da sefa suna cuɗanya a aljihun mutum ɗaya ran kasuwa.

Kada mai karatu ya zaci yaron wannan ƙasa baƙo ne ga rubutu. Tun bai yi wayo ba yake rungume da allo, yana bin baƙi da yatsa gaban malam. Matsalar tana farawa ranar da aka sa shi lakwal. Can mushe zai tarbe shi da Faransanci, harshen da uwarsa ba ta ji, kakarsa ba ta ji. In ya komo gida da kayensa, waɗanda suka fi kowa zama da shi ba su da abin da za su taimaka masa da shi illa addu'a. Ga kuwa kakar nan rumbu ce ta gatana da karin magana, amma ko shafi ɗaya na abin da ke bakinta bai taɓa zuwa hannun jikanta a rubuce ba.

Baƙi ƴan sa kai sun daɗe suna zuwa wannan jiha. Samari da ƴan matan Amurka na ƙungiyar Corps de la Paix, wadda shugaba Kennedy ya kafa a 1961, sun fara shigowa Nijar a 1962, kuma da yawansu sun zauna ƙauyukan ƙasar Damagaram shekara biyu biyu, sun koyi Hausa, an raɗa musu sunayen gida, sun sha fura a ƙwarya. A yaba musu: ɗan wani gari mai nisa ya bar lantarki da ruwan famfo ya zauna ɗakin laka yana karanta wa ƴaƴan wasu littafi, ba ƙaramin abu ba ne, kuma ma'aikatanmu nawa ne ake turawa karkara su je da daɗin rai? Sai dai littafin da ake aikowa daga ƙetare sau da yawa da harshen masu shi yake zuwa, da hotunan dusar ƙanƙara da jirgin ƙasa. Yaro ya kalli hoto ya yi murna, uwa ta adana shi cikin akwati don kada ya lalace. A watan Janairu na 2011, bayan an sace Faransawa biyu a Yamai, ƙungiyar ta kwashe mutanenta duka. Baƙo raɓa ne, in ji mutanen da.

Mu ma ba mu zauna hannu rabbana ba. Tun 1964 Abdu Mumuni ya wallafa littafinsa kan ilimi a Afirka, inda ya nemi a koyar da yara da harsunansu. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a nan Damagaram. Ma'aikatar yaƙi da jahilci ta yi ta buga jaridar Ganga domin manoman da suka koyi karatu da girma, daga baya kuma maɗaba'un Albasa da Gashingo suka fitar da littattafan yara cikin harsunan ƙasa. Amma abin da aka buga a Yamai yakan tsufa a Yamai. Ɗakin karatu na cibiyar al'adun Faransa da Nijar da ke Damagaram, wanda ɗaliban birni suka dogara da shi, ya ƙone a tarzomar Janairun 2015. Mutumin Kurni dama bai taɓa ganin ƙofarsa ba. A watan Maris na 2025 dokar sake gina ƙasa ta ba Hausa matsayin harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Magana ce babba, sai dai doka ba ta ɗora littafi bisa tabarmar tsakar gida.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne kusancin Kano. Ta Ɗan Barto da Daura, tafiyar wuni ɗaya ce ba ta cika ba, kuma can littattafan Hausa jibge suke a kasuwa, tun daga Magana Jari Ce na Abubakar Imam har zuwa ƙananan labaran da matan aure ke karɓeɓeniya da su. Matar da ta yi ajin yaƙi da jahilci tana iya karanta wa ɗanta irinsu da dare, ƙannensa da ƴaƴan maƙwabta suna saurare. Fatakenmu suna komowa daga Kano da atamfa, da takalman roba, da kwanonin tasa. Ma'aikatanmu ƴan asalin yankin suna zuwa gida da sallah da buhun shinkafa da kuɗin goro. Kwalin littafi guda bai kai buhun shinkafa nauyi ba, kuma a saman motar kasuwa akwai wurinsa.