Masu Kwanan Tasha

A shekarun da na yi a sashen masu tarin fuka na wani asibitin gwamnati a Kano, aikina na yamma shi ne bin sawun waɗanda suka daina zuwa karɓar magani. Maganin kyauta ne, amma wata shida ake shansa ba fashi, kuma wanda ya yanke a tsakiya ciwon yakan dawo masa da taurin kai. Mai gida ba ya wuyar samu. Ka je unguwa, ka gaida mai unguwa ko liman, a haɗa ka da yaro ya kai ka har ƙofa. Sai dai akwai katunan da a gurbin adireshi kalma ɗaya ce tal: tasha.

Haka na fara zuwa wata babbar tashar mota bayan sallar isha'i, lokacin da motar ƙarshe ta tashi, masu kwana suka fara jan kwalayensu zuwa gindin rumfuna. Akwai 'yan dako da masu tura baro, da yaran mota da direbobinsu suka sallama, da 'yan ci-rani da damina ta faɗi ba su koma ba don kunyar shiga gida hannu rabbana. Akwai kuma wani dattijon kwandasta da ido ya fara gazawa, ba mai ɗaukarsa a mota, kowa Baba yake ce masa. Takalmi ake yin matashin kai da shi, don wanda ya ajiye nasa a gefe da asuba ba takalmi zai je masallaci.

Uban wurin kuwa mai shayi ne. Shi ne banki, shi ne mai cajin waya, shi ake bar wa sallahu, shi ya san wanda bai ci komai ba tun safe. Kuma a kan teburinsa, kusa da gwangwanin madara, akwai kwalin taba a buɗe, ana saye kara-kara.

Masu wa'azi ba su yi ƙasa a gwiwa ba. Samarin wani masallaci sukan zo da lasifika, su yi bayanin illar kayan maye. Mutanen nan su saurara da ladabi, su ce Allah ya saka da alheri, ana naɗe waya ana ƙyasta ashana. Wani dare na tambayi Baba dalili, ga shi tari yana neman tsaga masa ƙirji.

"Malam," in ji shi, "kara ɗaya tana riƙe mini ciki daga hantsi har azahar. Faɗa mini abin da zan saya da kuɗinta ya yi mini wannan aikin."

Gaskiyarsa ta wannan gefen, sinadarin nikotin yana danne yunwa. Ban da haka, taba ce sallamar wurin. Baƙon da ya iso da dare bai san kowa ba, da ya miƙa kara ɗaya an ja biyu an miƙa gaba, ya samu wurin shimfiɗa kwalinsa da wanda zai duba masa kaya idan ya zaga. Ka ce masa ya bari, ka ce masa ya fita daga cikin mutane ke nan.

Zancen giya ya fi wuya, domin a Kano ba mai amsa cewa yana shanta. Tun da aka ƙaddamar da shari'a a 2000, Hisbah kuma ta fara farfasa kwalabe a bainar jama'a, sha bai ƙare ba, ɓuya ya yi. Abin da ke yawo a tasha ba kwalba ba ce, 'yar leda ce mai ƙarfin tsiya da ake shigowa da ita daga wajen Sabon Gari, tana shiga aljihun wando, ana tsotse ta a bayan tirela cikin numfashi biyu. Wata kuma da sunan maganin basir ko na ciwon baya ake sayar da ita. Ka tambayi mutum ko yana shan giya, sai ya ce a'uzubillahi, kuma har ransa. Wata tsohuwar nas da ta horar da mu ita ta koya mana yadda ake tambaya: "Da safe hannunka yana rawa kafin ka sha maganinka? Leda nawa ke kai ka dare?" A nan ake samun amsa. Mu kuwa dole mu sani, don ƙwayoyin tarin fuka suna wahalar da hanta, idan barasa ta hau kai sai ka ga idon mutum ya koma ruwan ɗorawa.

Su kuma dalilinsu barci ne. A kan siminti, cikin hunturu, da sauro da tsoron ɓarawo da tsoron kamen dare, ido ba ya rufuwa sai an rufe shi da ƙarfi. Suna cewa tana ɗumama jiki. Ɗumin na yaudara ne, jijiyoyin fata take buɗewa zafin jiki ya fice, shi ya sa wanda ya kwanta a buge cikin muku-muku ya fi kowa shiga haɗari.

A farkon watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin, bayan fim ɗin binciken da BBC ta fitar. Gari ya ɗauka, kame ya yawaita, huɗuba duk a kan shaye-shaye. Tsakiyar watan kuma azumi ya kama. Wani ɗan dako, mutum mai shiru-shiru da ya haura arba'in, wanda ba na jin ya wuni ba leda a cikinsa tsawon shekaru, ya yi niyyar tuba daren da aka ga wata. Ya zubar da abin da ke aljihunsa a kwata, ya tashi da azumi.

Washegari hannunsa na rawa, gumi na karyo masa, ko ruwan buɗa-baki bai zauna ba. Aka ce wahalar azumin fari ce. A dare na uku ya fara kakkaɓe jikinsa yana cewa kyankyasai suna hawansa, yana nuna macizai a ƙarƙashin benci, yana kiran sunan matarsa da ta rasu. Daga nan ya faɗi yana shure-shure. Kafin mai shayi ya kira ni a waya, an riga an yanke hukunci cewa aljanu ne suka ji haushin tubarsa. Na iske an danne shi mutum huɗu, wani yana masa ruƙiyya a kunne, ana turara masa habbatus sauda, wani direba kuma yana cewa ya san gidan marin da ake gyara irinsu.

Na durƙusa na taɓa shi, jiki rau da zazzaɓi, zuciya tana bugawa da sauri. Na ce wa mai ruƙiyyar, "Allah gafarta Malam, a ci gaba da addu'a, amma a cikin adaidaita sahu." Ya amince, har shi muka tafi.

Abin da ya same shi sananne ne a asibiti. Ƙwaƙwalwar da ta shekara da shekaru barasa na danne ta takan saba da yin aiki da ƙarfi don ta rinjayi dannewar. Idan aka janye barasar dare ɗaya, sai ta zabura ba birki, yawanci a kwana na biyu zuwa na uku. Yana iya kisa. Likita ya sa masa ruwa, ya ba shi diyazefam ana ragewa a hankali, da bitamin B1. Mai shan taba zai iya jefar da ita yau, ya sha fama da ƙunci da saurin fushi na 'yan makonni, ba abin da zai same shi. Wanda giya ta kama jikinsa ba haka yake ba, kuma ina ganin duk mai hawa mumbari ya yi kira a tuba ya kamata ya san wannan bambancin. Limamin masallacin tasha dai ya karɓa. Daga ranar, idan ya yi nasiha yakan ƙara da cewa wanda ya yi niyyar bari ya fara ganin malamin asibiti a asirce, kuma marar lafiya Allah ya yi masa rangwamen azumi.

Ranar sallama likita ya ce a kai shi gida ya huta, a riƙa ba shi abinci mai kyau. Ni da mai shayi muka dubi juna.

Shugaban ƙungiyar direbobin tashar ne ya fitar da mu. Akwai wani tsohon sito da ake tara tayoyi, ya ce a share. Aka shimfiɗa tabarmi, aka samo gidan sauro, wani kafinta ya haɗa ƙananan akwatuna na katako, kowa da kwaɗonsa. Sai gardama ta tashi a kan sharaɗi. Liman ya ce duk wanda aka ji warin abin a bakinsa kada ya shiga. Mai shayi ya ce, "To Malam, ai sai mu mayar da tayoyin." Aka yi dariya, aka daidaita: ba sha a ciki, ba hayaƙi a ciki, wanda ya dawo a buge ya kwana a bakin ƙofa, amma gobe ɗakinsa ne.

Abin da na gani da idona shi ne barci ya rage shan, tun kafin wata nasiha ta yi aiki. Mutumin da ya kulle kuɗinsa da takalminsa a akwati, sauro bai dame shi ba, ba ya buƙatar leda uku kafin ido ya rufu. Da safe masu tarin fuka su haɗiyi ƙwayarsu a gaban mai shayi, bayan ɗan lokaci a ba su koko da ƙosai daga abin da direbobi ke tarawa. Na sha kwantar da hankalin sabon shiga da ya ga fitsarinsa ya koma ja ya ɗauka jini ne, alhali launin maganin ne.

Taba ta fi taurin kai. Azumi ya nuna musu suna iya wuni ba ita, amma da yawa dabino ɗaya suke jefawa a baki su laluba ashana. Muka ce to, a ja ta farko zuwa bayan isha'i, sannan zuwa bayan asham. Bayan salla aka ci gaba da jinkirta ta safe. Asuwaki da kanumfari da citta suka maye gurbi a baki, wasu suka koma goro, wanda shi ma wani kamun ne, amma ban yi musu da kowa a kansa ba. Cingam da filastar nikotin da ake karantawa a littafi kuwa, kuɗinsu ya fi ƙarfin mai tura baro. Dokar taba ta 2015 ta hana sayar da ita kara-kara, sai dai kwali guda. Da ana bin ta da ta yi aiki a tasha fiye da ko'ina, domin ban taɓa ganin ɗan dako ya sayi kwali ba. Mai shayi dai ya buɗe littafi, duk wanda ya tsallake kara ya ba shi kuɗinta ajiya. Matafiya kuwa bai fasa sayar musu ba. "Ni ɗan kasuwa ne, Malam, ba waliyyi ba."

A watan Satumban 2019, da 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum sama da 300, da yawa da mari a ƙafa, direban nan da ya ba da shawarar gidan mari shi ya kawo mini hotunan a wayarsa. Ɗan dakon a lokacin ya riga ya karɓi ajiyarsa ya koma ƙauye da farkon damina. Wasu sun bari sun koma, sun sake bari. Wani saurayi ya bar leda ya faɗa tiramol. Baba ya kammala watanninsa shida, gwajin kaki ya nuna ya warke, ya bar giya har ya rasu, amma taba ya ce wannan kam sai dai mu yi haƙuri da shi.

Da aka kulle Kano a watan Afrilun 2020 saboda korona, tasha ta mutu, mutanen suka watse neman abin kaiwa baka. Lokacin da motoci suka dawo hanya, asusun ƙungiya ya bushe, sai aka ba wani mai kayan gyaran mota hayar siton. Mun samu wani ɗaki a bayan gidan wanka, mai shi ya ce sai kuɗin shekara a dunƙule. Mai shayi ya buɗe sabon shafi a littafinsa, direbobi da 'yan kamasho suna zubawa duk Juma'a, amma kafin kuɗin su kai an ƙara wa hayar kuɗi, ni kuma aka yi mini canjin wurin aiki zuwa wata ƙaramar hukuma.