Dubai: Daga Kasuwar Deira Zuwa Filin Tanis

Akasarin mutanenmu da ke zuwa Dubai ba sa wuce Deira. Daga masauki sai shagon atamfa da turare, sai wajen masu auna kaya, sai filin jirgi. Ni ma sayayya ce ta kai ni a watan Fabrairun 2019, na tashi daga Kano ta Addis Ababa. Amma tun ina gida na ƙudurta cewa sai na ga gasar tanis ta Dubai da idona, domin na daɗe ina bin ta a talabijin.

Wurin ba nisa. Jirgin ƙasa na cikin gari ya sauke ni a unguwar Garhoud, dab da filin jirgin sama, na ƙarasa da ƙafa. Babban filin wasan yana ɗaukar mutum wajen 5,000 ne kawai, saboda haka ko a kujerar can sama kana jin numfashin ɗan wasa. An fara gasar a 1993 da maza zalla, aka shigo da mata a 2001. Mata ke buɗe fage da mako guda, maza su biyo baya.

Abin da ya fi riƙe ni shi ne daɓen kansa. Ba ciyawa ba ce irin ta Wimbledon, ba kuma jar ƙasa irin ta Faransa ba. Kwalta ko kankare ake shimfiɗawa, a bi shi da fenti mai kauri wanda aka gauraya da yashi, hawa-hawa. In yashin ya yi yawa ƙwallo ta rage gudu, in ya yi kaɗan ta wuce kamar walƙiya, kuma an san daɓen Dubai da sauri. A ƙananan filayen da ke gefe, inda ɗan shinge ne kawai tsakaninka da 'yan wasa, na fahimci wahalar wannan sana'a. Takalmi na ƙara duk lokacin da aka ja birki, gwiwa da idon sawu ne ke ɗaukar nauyin kowane juyi, ga zafin rana yana tasowa daga ƙasa. Talabijin ba ya nuna wannan.

Makon mata ya shiga raina sosai. Belinda Bencic 'yar Suwizalan, wadda raunuka suka daɗe suna ja da baya, ta bi manya ɗaya bayan ɗaya: Aryna Sabalenka, Simona Halep, Elina Svitolina, sannan ta doke Petra Kvitova a wasan ƙarshe. Ba ta fi su ƙarfin hannu ba. Tana tarar ƙwallo ne tun tana tasowa daga daɓe, ta mayar kafin abokiyar karawarta ta gyara tsayuwa. A ranakun farko na ga kujeru da yawa babu kowa, abin ya dame ni, domin wasan da aka buga a gabansu ya cancanci cikar fili. Masu shirya gasar dai sun yi nasu, a 2005 suka daidaita kuɗin kyautar mata da na maza.

Ranar 2 ga Maris kuwa, a wasan ƙarshe na maza, babu masaka tsinke. Roger Federer, yana da shekara 37, ya haɗu da Stefanos Tsitsipas ɗan Girka mai shekara 20, wanda ya fitar da shi daga gasar Ostireliya a watan Janairu. Wani dattijo ɗan Indiya da ke kusa da ni ya riƙe hannun jikansa, yana nuna masa yadda Federer ke taka ƙafa kafin ya buga. Wasan bai ja lokaci ba, Federer ya ci 6-4 da 6-4. Kofinsa na takwas ke nan a Dubai, na 100 kuma a rayuwarsa. Kafin shi Jimmy Connors kaɗai ya taɓa kai wannan adadi a cikin maza tun daga 1968, lokacin da aka buɗe manyan gasa ga ƙwararru.

Ɗan'uwa, in harka ta kai ka Dubai a watan Fabrairu, ka ware yini guda daga kasuwa. Ka je a makon mata, ka fara da ƙananan filayen gefe.