Keken da Ke Jikin Bango

Mai taka lungunan birnin Zariya da ƙafa zai ga zayyanar da magina suka yi wa fuskokin tsofaffin zauruka: ga dagi, ga takobi, wani wurin har keke aka fitar da laka. Keken nan ya tsaya mini a rai. Lokacin da aka zana shi sabon abu ne, maigida na shaida wa unguwa cewa ya waye. Yau samari na wucewa kan babur, ko kai ba sa ɗagawa, damina kuma na lasar zanen sannu a hankali. Wataƙila abin da mutum ya fi tinƙaho da shi ne ke fara tona shekarunsa, jikoki kuma su zaɓi abin da za su sake yaɓewa.