Hayaƙin Tsohuwar Mota Ma Magana Ne

Na daɗe ina hawa tsofaffin motocin nan da muke kira 'yan Kwatano, kuma abin da na lura da shi shi ne, inji ba ya lalacewa sai ya yi gargaɗi. Mu ne muke toshe masa baki.

Idan mota ta fara zafi, shawarar da na fi ji a gareji ita ce a cire tamostat, wai don ƙasar sanyi aka yi shi. Alhali aikinsa shi ne ya tsayar da inji a zafin da aka ƙera shi a kai, wajen digiri 90. Da zarar an cire shi, inji kan daɗe bai ɗumama ba, kwamfutar motar ta yi ta ƙara masa fetur, silo ya hau, filogi ya yi baƙi. Ainihin ciwon kuwa yana nan: ko lagireto ya toshe da dattin ruwan rijiya, ko fanka ta daina juyawa, ko murfin lagireto ya saki.

Injin da ya taɓa tafasa yakan bar shaida. Idan gasket ya ƙone, za a ga kumfa na tasowa a bakin lagireto, ruwa na raguwa ba tare da ya zuba a ƙasa ba, baƙin mai ya koma kamar shayi da madara. Salansa ma tana faɗin nata. Farin hayaƙi mai kauri da bai tsaya ba bayan inji ya ɗumama, ruwa ne ya shiga ɗakin ƙonewa. Shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa. Baƙi kuma fetur ne ya yi yawa.

Abin da ya fi damuna shi ne cire matatar hayaƙi, wadda ake wa laƙabi da indomi, a sayar saboda ƙarafa masu tsada irin su filatinom da ke cikinta. Gubar da take ragewa, huhun mai talla a bakin titi da yaran makaranta za ta faɗa.

Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka tun daga 1996 suna da mahaɗar da ake jona na'urar bincike ta nuna inda matsala take. Tun da aka janye tallafin fetur a 2023, kowace lita tana da nauyi a aljihun magidanci. Don haka nake roƙon masu motoci, kafin bakanike ya cire wani abu, su tambaye shi me ya gwada, me kuma ya gani. Kuɗin gwaji bai kai na sauke inji ba.