Ranar Da Na Ɓoye Zazzaɓin Ɗana

'Yar'uwa ma'aikaciya, na san irin wannan asuba ba baƙuwa ba ce a wurinki. Kin farka kin ɗora tafin hannu a goshin yaro kin ji ɗumi, ga shi ƙarfe takwas ana jiran ki a wurin aiki, nan take zuciya ta fara kitsa miki dabara. Ni ma ta taɓa kitsa mini, kuma na bi ta.

A ƙarshen damina ne, a nan Kano, ɗana yana da wata goma sha huɗu. Ma'aunin zafin jiki ya nuna 38.4. Ranar ce muke rufe lissafin wata a ofis, mahaifinsa ya yi tafiya, mahaifiyata kuwa tana Zariya. Gidan rainon da nake kai shi yana da ƙa'ida a rubuce, wadda na sa wa hannu ranar rajista ba tare da na karanta ta da kyau ba: yaron da zafin jikinsa ya kai 38 ba ya shiga, kuma ba ya dawowa sai ya yi awa 24 babu zazzaɓi ba tare da an ba shi magani ba. Idan gudawa ce ko amai, awa 48. Ƙarfe shida da rabi na ɗura masa farasitamol, na ce wa kaina ai haƙori ne, na shafa masa hoda, na miƙa shi ga mai raino ina murmushi.

Sha ɗaya da 'yan mintuna wayata ta yi ƙara. Farasitamol awa huɗu zuwa shida yake yi a jiki, kuma duk macen da ta daɗe tana rainon 'ya'yan mutane ta haddace wannan lissafin. Da na isa, Hajiyar da ke da wurin ba ta ɗaga mini murya ba. Tambaya ɗaya ta yi: "Ƙanwata, ƙarfe nawa kika ba shi maganin?" Na sunkuyar da kai na faɗa. Sai ta nuna mini ɗakin da ya wuni a ciki, ta ce akwai jaririya 'yar wata bakwai da ba ta kai rigakafin ƙyanda ba, akwai kuma yaro mai sikila wanda zazzaɓin da wani zai warke a gida shi sai ya kwanta asibiti.

A asibiti gwajin jini ya nuna maleriya. Ba zan ɓoye miki ba, na ɗan ji daɗi a raina, domin sauro ne ke yaɗa ta, yaro ba ya shafa wa yaro. Amma daɗin bai daɗe ba. Da ƙarfe shida na safe ba ni da hanyar da zan bambance maleriya da ƙyanda, su ma masu rainon ba su da ita. Ƙyanda da zazzaɓi take farawa, da tari da jan ido, kuma mai ita yana yaɗa ta kwana huɗu kafin ƙuraje su fito. A Nijeriya allurarta ta farko sai a wata tara, ta biyu a wata goma sha biyar, ke nan ɗana ma ɗaya kaɗai ya samu a lokacin. Duk wanda ya zauna a Kano a 2023 kuma ya san yadda mashaƙo ya yi ɓarna a cikin yara, shi ma farkonsa zazzaɓi ne da ciwon maƙogwaro, abin da uwa mai sauri za ta kira mura. Batun haƙori da na fake da shi kuwa, fitarsa tana sa yaro rigima da dalalar miyau, amma ba ta kai zafin jiki inda nasa ya kai. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ɗana ne ya biya: awa biyar aka jinkirta masa magani, kuma maleriya a jikin ƙaramin yaro ba ta jiran a tashi daga aiki.

Kada ki ɗauka na zo ne in wanke gidajen raino tas. Nauyin da ke kanmu na gaske ne. Dokar ƙwadago ta ƙasar nan ta ba ma'aikaci har kwana 12 a shekara na hutun rashin lafiya da albashi, idan likita ya tabbatar, amma wannan na jikinsa ne, ba ta tanadi ranar jinyar ɗa ba. Kuɗin wata kuwa cif za ki biya, ko yaro ya yi mako a gida. Wasu ƙa'idojin ma sun wuce gona da iri. Ƙaramin yaro yana iya yin mura sau shida zuwa takwas a shekara, wanda ke cuɗanya da yara ya fi haka, kuma tari kan ɗauki makonni bayan ya warke. Idan za a kori kowane mai majina, to da hunturu sai a rufe wurin kawai. Yaron da ke ci, yana wasa, babu zazzaɓi, babu dalilin tsare shi a gida. Haka neman takardar likita a kan mura: ki bi layi rabin yini, ki zaunar da yaro cikin marasa lafiya, don a rubuta abin da kowa ke gani. Wannan na faɗa wa Hajiya baki da baki, bayan ƙura ta lafa, kuma ta saurare ni. Ina jin da ranar da na ɓoye mata zazzaɓi na tayar da maganar, da ba ta ji ba.

Abin da na yi daga baya ba shi da yawa. Na karɓi takardar na karanta ta a natse, na tambayi abin da ta yi shiru a kansa: ƙaranbau fa, sai ƙurajen sun bushe duka? Ciwon idon nan na afolo fa? Wa ke da ikon ba yaro magani, kuma ana rubuta lokacin? Idan wani yaro ya kamu da cuta mai yaɗuwa, za a sanar da mu? Na zauna da maigida muka raba ranar jinya, shi ya riƙe safiya ni in karɓa da azahar, abin da ya fara jin sa bambaraƙwai har ya saba. Na kuma je wurin wata dattijuwa maƙwabciyarmu da goro da sabulu tun yaro yana lafiya, muka yi magana a fili har da abin da zan riƙa ba ta. Shugabana a ofis na gaya masa tun kafin buƙata ta taso, na nuna wa abokiyar aikina inda takarduna suke.

Wata biyu bayan haka gudawa ta kama shi da daddare. Na haɗa masa ruwan ORS, na fara ba shi zinc na kwana goma kamar yadda aka koya mana a asibiti, na aika wa Hajiya saƙo kafin a kira assalatu. Ta amsa cewa shi ne na uku a makon, ta sa an wanke kayan wasa da tabarmi, kuma tana sanar da sauran iyaye. Ranar ma ta faɗo a ƙarshen wata. Na isa ofis ƙarfe biyu saura, idanuna jajir, shugabana ya dubi agogo, ya dube ni, ya miƙo mini fayil.