Ranar da Muryar Kakata Ta Kama In'ina

Duk ɗalibin da ya taɓa zama da rikoda a gaban tsoho ya san cewa ɗaukar magana wasa ce, aikin yana wajen rubuta ta. Ka saurara, ka tsayar, ka rubuta, ka mayar baya, ka sake saurare, har jimla ɗaya ta cinye maka minti goma. To, ni a shekarar 2007, lokacin da nake ajin ƙarshe, kafin ma in kai ga wannan wahala sai da na sha wata wadda ta fi ta, kuma labarinta nake son in ba ƙannena ɗalibai a wannan fitowa ta mujallarmu.

Kundina a kan Hausar Sabo ne ta Ibadan, ko Badun kamar yadda iyayenmu ke kiranta, wato unguwar da aka kafa wa Hausawa tun 1916, inda kuma aka haife ni. Tambayar da malamina ya ɗora ni a kai ita ce, shin waɗanda suka daɗe a cikin Yarbawa suna nan riƙe da bambancin dogon wasali da gajere, ko kuwa ya fara zubewa? Mai karatu ya san girman wannan bambanci. Garin da ake zama a ciki da garin da ake tuwo da shi rubutunsu ɗaya, karin sautinsu ɗaya, jan wasalin farko kawai ya raba su. Haka nan “ya” da ke cikin “Audu ya zo” doguwa ce, amma ta cikin “Audu ne ya zo” gajera ce. Ke nan aikina duka a kan abin da bai kai ƙiftawar ido ba yake.

Mutum na farko da na ɗauka ita ce kakata, wadda aka kawo ta Sabo daga Kano a jirgin ƙasa tana amarya, aka kai ta gidan wani fatken goro. Da na ajiye rikoda a gabanta sai ta harare ni ta ce, “Maigida, yau kuma ɗan sanda ka zama, za ka ɗauki maganata ka kai wa hukuma?” Daga nan ta ɓarke da labari, sai da ta cika kaset na minti 90 gaba da baya. Na kai kaset ɗin makaranta aka juye shi a kwamfuta, aka zuba mini a faifan CD irin wanda ake gogewa, na aro a wurin wani ɗan ajinmu. Na zo gida na juye a kwamfutarmu, na mayar masa da faifansa. Kaset ɗin kuwa, saboda ƙarancin kuɗi da ƙarancin tunani, sai na ɗora hirar wani tsoho a kansa. A watan Fabrairu na 2007 Allah ya yi wa kakata rasuwa. Sai ya zama duk duniya babu inda muryarta ta saura sai a cikin fayil guda, a cikin tsohuwar kwamfutar tebur da aka sayo mana ta hannu, mai Windows XP.

Ban iya buɗe fayil ɗin ba sai bayan sadakar arba'in. A lokacin malaman jami'o'i sun shiga yajin aikin nan da ya ɗauki kimanin wata uku, kowa yana gida. Na sa abin sauraro a kunne, na kunna. Sai na ji kakata tana magana kamar mai in'ina. Ta faɗi kalma biyu lafiya, ta ukun ta sarƙe, wani lokaci sautin ya ɗauke ɗif ya dawo, wani lokaci gaɓa ɗaya ta maimaitu da ƙara kamar ana yaga ƙyalle. Gabana ya faɗi, domin abin da ya zo mini shi ne tun wajen juyewa aka ɓata shi, ga shi kuma na goge kaset da hannuna.

Na yi duk abin da mutum kan yi in ya ruɗe. Na aro sifika, ba ta canza zani ba. Na bar Windows Media Player na koma Winamp, duk kanwar ja ce. Na sa manhajar kashe bairos ta kwana tana bincike, ta kamo wasu guda biyu da suka shigo ta filashi, na yi murna, da safe in'ina tana nan. Na sake ɗora direban sauti daga faifan da ya zo da kwamfutar, shi ma a banza. Daga ƙarshe na ɗauko ta a ka na kai wa wani mai gyara, ya saurara bai fi minti ɗaya ba ya ce, “Malam, wannan sai fomatin.” Na ce masa akwai abin da ba ni da kwafinsa a ciki. Ya ce to in kawo filashi. Filashina megabait 128 ne, fayil ɗin kuwa ya haura 470, domin an ɗauke shi da ingancin faifan CD, wato ana gutsuro sautin sau 44,100 a kowane sakan, minti ɗaya ya ci sama da megabait 5. Na sake ɗaukar kayata na dawo gida. Gaskiyar magana, da na dage da na samo hanyar jin fayil ɗin a wata kwamfutar. Tsoro ne ya hana ni. Muddin ban gwada ba, ina da sauran fata.

Abin da na yi bayan nan shi ne ya fi ba ni kunya. Na ce tunda haka Allah ya so, bari in rubuta abin da ya samu. Na yi kwana huɗu ina rubutu, ina sa alama a kan kowane wasali, har na fara ganin kamar na gano wani abu: tsohuwar tana gajarta wasu dogayen wasula, tana jan wasu gajeru. Har na rubuta a gefen littafina cewa tsarin tsawon wasali ya fara rikicewa tun daga zuriyar farko. Na ji daɗin wannan jimla ƙwarai, don na ga kamar da ita zan burge malam.

Kalmar “gari” ce ta tona asiri. Akwai inda take cewa da suka sauka daga jirgi mijinta ya nuna mata gari. A rubutuna na ranar farko na sa mata dogon wasali, har na ja layi a ƙarƙashinta a matsayin hujja. Da na dawo wurin don in tabbatar, sai na ji ta gajera sarai, sarƙewar kuma ta koma kan “jirgi”. Na mayar baya, na sake kunnawa, wannan karon duk jimlar ta wuce lafiya, sai ta gaba ce ta karye. Na ajiye biro. Idan da a jikin fayil ɗin ɓarnar take, ai dole kullum ta faɗo a wuri ɗaya, kamar yadda tabon faifai ke tsallake baiti ɗaya duk sanda aka sa shi. Na ɗauki takarda, na saurari minti ɗaya sau biyar, ina rubuta sakan ɗin da sautin ya yanke. Babu jeri biyu da suka zo ɗaya. Na buɗe fayil ɗin a Audacity, manhajar da ke zana sauti a allo kamar tudu da kwari, na faɗaɗa wurin, ban ga rami ko ɗaya ba. Muryar kakata lafiyarta ƙalau, kwamfutar ce ke in'ina.

Ina cikin wannan murna sai ƙanwata ta leƙo ta ce, “Yaya, ai ni na daɗe da sani. Ko ɗan kiɗan da take yi in an kunna ta ma a karye yake fita.” Ni ban taɓa ji ba, domin sai ta gama tashi nake zama in sa abin sauraro. Ita kuwa ba wanda ya tambaye ta.

Wanda ya ƙarasa aikin wani maƙwabcinmu ne Bayarabe da ke karanta ilimin kwamfuta, shi ma yajin aiki ya zaunar da shi, kuma Hausarsa ta fi ta wasunmu. Ya buɗe ɗan allon da ke nuna yawan aikin da firosesa ke yi, ya ce in kwafi kowane babban fayil daga wuri zuwa wuri. Ina dannawa, koren layin ya haura har 100, kibiyar maus ma ta riƙa tafiya da tsalle-tsalle. Ya yi dariya ya ce ya san cutar.

Ga yadda ya bayyana mini, da misalin da duk ɗan Sabo zai gane. Na'urar sauti tana da ɗan ƙaramin mazubi da take ɗiba daga ciki, kuma dole a riƙa cika shi kafin ya ƙare. Da zarar ya ƙare ba a cika ba, ko dai shiru ya biyo baya, ko ta maimaita guntun da ya rage, in'inar ke nan. Shi kuma babban faifan ajiya na kwamfuta hanya biyu yake da ita ta miƙa kaya. A ta farko, wadda ake kira DMA, kayan suna wucewa kai tsaye ba tare da an dami firosesa ba, kamar yadda 'yan dako ke kwashe huhunan goro daga sito zuwa mota maigida yana zaune yana ciniki. A ta biyu, PIO, maigidan ne da kansa zai bar baƙinsa ya riƙa ɗaukar huhu ɗaya-ɗaya a ka. Ita Windows XP, idan ta ga kuskure ya taru har sau shida wajen karanta faifan, sai ta rage gudu, in abin ya ci gaba ta yi ta ragewa har ta koma PIO, ta kuma zauna a nan ba tare da ta gaya wa kowa ba. Kwamfutarmu ƙwaƙwalwar aikinta megabait 256 ce kacal, saboda haka kowane lokaci tana komawa faifan ajiya, kowane komawa kuma maigida ya tashi dako, mazubin sauti ya bushe.

Ya shiga shafin da Windows ke jera kayan cikin kwamfuta, ya buɗe layin IDE na farko, sai ga PIO a rubuce ɓaro-ɓaro. Muka kashe ta, muka cire murfi, muka tarar da faffaɗar wayar nan mai kama da ɗamara ta saki a gefe ɗaya, ga ƙura kamar an yi shekara ba a share ɗaki ba. Daga nan kurakuran ke fitowa. Ya sa wata wayar daga cikin tarkacensa, ya cire layin daga jerin, ya sake kunnawa don Windows ta gano shi sabo. Duka-duka aikin bai kai rabin awa ba, kuma ko kwabo bai karɓa ba.

Na san ɗalibin yau ba zai gamu da wannan ainihin cuta ba. Kamfanin Microsoft ya daina kula da XP tun 2014, waɗancan wayoyi ma sun zama tarihi. Amma har yanzu laftof kan yi in'ina idan tana tsimin batir, ko an buɗe mata abubuwa fiye da ƙarfinta, ko abin sauraron Bluetooth ya yi nisa. Shi ya sa har gobe, kafin in sa alama a kan wasali ko ɗaya, nakan saurari wurin sau uku in ji ko abu ɗaya yake fitowa.

Da kwamfutar ta tashi, kiɗanta ya fita sumul. Na buɗe fayil ɗin, wannan karon ta sifika. “Gari” gajere ne, kamar yadda kowane Bakano zai faɗe shi. Na yage shafi goma sha ɗaya daga littafina, har da mai ɗauke da jimlar da na so in burge malam da ita. Washegari muka ciro faifan ajiyar muka kai inda aka buga mini kwafi uku.

Amma a daren nan ban rubuta komai ba. Mahaifiyata ta jiyo muryar daga tsakar gida, ta shigo da ludayi a hannu, ta zauna a bakin gado ba ta ce uffan ba. Muka saurara har ƙarshe, har inda ake jin kakata tana jawo kwano tana cewa, “Maigida, kashe abin nan haka, tuwon zai huce.”