Masu Yaɗo a Kwarin Rima: Me Za Mu Shuka a Makaranta?

Tsakanin Birnin Kebbi da Argungu tafiyar kimanin kilomita 50 ce. A watan Agusta kwarin Gulbin Rima yakan yi kore shar, iska ta yi nauyi da laima, shinkafa ta rufe fadama. Amma idan kun bi hanyar, ku ɗaga ido ku dubi dangogi da rufin rumbuna, inda tsire-tsire masu yaɗo ke hawa.

A Birnin Kebbi, babban birnin jihar tun 1991, abin da ya fi ɗaukar ido a katangun gidaje shi ne bogenbiliya mai ja da ruwan hoda. Baƙuwa ce daga Kudancin Amurka. Tana jure rana da fari, sai dai tana da ƙaya, kuma saiwarta na ruɓewa a inda ruwa ke kwanciya. Tudu ne wurinta.

Da an shiga ƙauyuka sai 'yan gida su karɓi fili. Ga soso da furensa rawaya, wanda idan ɗansa ya bushe ake wanka da wanke-wanke da shi. Ga garafuni mai ƙananan furanni, 'ya'yansa su nuna ja-ja su tsage. Ga yaɗiya, wadda ke nan da ganyenta har cikin rani, ana kwaɗonta, dabbobi ma su ci. Babu wanda ke bin su da bokiti.

Sarkinsu kuwa duma ne, kuma a Argungu ake ganin girmansa. Farin furensa da yamma yake buɗewa. Daga jikinsa ake samun ƙwarya da ludayi da gora. Masuntan da ke rugawa cikin Matan Fada ranar bikin kamun kifi, da homa da gora suke shiga: gorar ce ke riƙe mutum a kan ruwa, a cikinta kuma yake zuba kifi. An fara bikin a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci garin bayan tsohuwar gabar Sakkwato da Kabi, kuma UNESCO ta sa shi cikin al'adun gado na duniya a 2016. Idan aka daina shuka duma, roba ce za ta maye gurbinsa.

Ba kowane mai kyan gani ake kai wa gida ba. Duman rafi da ke shimfiɗe a bakin gulbi yana da fure shunayya, amma yana cutar da awaki da tumaki. Idon zakara kuwa, 'ya'yansa ja da baƙi na jan hankalin yara, alhali guba ce mai kisa idan an tauna. Kada ya kusanci inda ƙannenku ke wasa.

To, 'yan makaranta, kafin ku shuka ku tambayi kanku: ruwa na kwanciya a wurin? Inuwa kuke so, ko abinci, ko ado? Su wa ke wucewa ta nan? Da ruwa ya zauna a watan Yuni, ku kafa rumfa ta yammacin aji, inda rana ke dukan bango bayan azahar, ku shuka duma da soso a gindin kowace dirka. Damina kaɗai suke yi, don haka ku haɗa da yaɗiya saboda zafin Afrilu. Iri kuwa, ku roƙi kakanninku, sannan ku ajiye na baɗi daga abin da kuka girba.